Yadda Caca Ta Raba Mu da Gonar Fadama

Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Taura, jihar Jigawa, ba nisa da kasuwar Gujungu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma sun rufa mini asiri iya ƙoƙarinsu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan samarin da nake gani yanzu, kai sunkuye a kan waya, in ka yi musu magana su ce su ba da ka suke bugawa ba, dabara gare su. Ni ma da dabara na shiga, kuma ita ta kai ni inda mai bugawa da ka ba ya zuwa.

Tun ina firamare aka san ni da lissafi. Ranar Lahadi idan Baba zai kai gero ko riɗi Gujungu, ni yake ɗauka ya bar yayana, domin kafin dillali ya gama ƙirga tiya nawa a kan nawa, na riga na raɗa wa Baba jimillar a kunne. Mutane su yi ta sa mini albarka. Na taso ina jin kaina ya fi na tsarana gudu. Gonaki biyu ne rufin asirin gidanmu. A ta tudu muna noma gero da dawa da riɗi. Ta fadama kuwa, wadda Baba ya gada daga kakanmu a bakin kogin Haɗejia, ita ta riƙe gidan: shinkafa da damina, alkama da rani. Duk auren da aka yi a gidanmu, duk ragon sunan da aka yanka, daga cikinta ya fito.

Burina in shiga Kwalejin Ilimi ta Gumel in zama malamin lissafi. Ina gama sakandare Baba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, abin da aka tara ya tafi a magani, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya riƙe gandu, ni kuma kawunmu ya haɗa ni da wani Alhaji mai fataucin shanu daga Maigatari zuwa Legas. Da rakiya na fara. A loda tirela ranar Alhamis da yamma, mu bi ta Kano da Zariya da Kaduna, mu gangara Mokwa da Jebba, Ilorin, Ibadan, har Oko-Oba a Agege. Muna zaune a saman katako, in sa ya faɗi mu dira mu tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. Ba a daɗe ba Alhaji ya lura da lissafina ya danƙa mini littafi: la'ada, kuɗin mota, kuɗin hanya, bashin mahauta. A ƙarshe ma kuɗin ciniki ta asusuna suke bi. Yakan ce wa abokansa a kara, yaron nan ko allura ba ta ɓata a hannunsa.

A Agege na saba da gidan kallon ƙwallo, muna jiran mahauta su biya. A 2016 Leicester ta ɗauki kofin Firimiya, abin da a farkon kaka kamfanonin caca na Ingila suka sa masa ninki 5,000. Ko'ina zancen ke nan: da ka sa naira 100, da yanzu kana da 500,000. Da naira 100 ɗin kuwa na fara. Doguwar tikiti mai wasanni rututu, wadda sai duka sun zo daidai ake ci, kullum sai wasa ɗaya ya yanke ta. Da na kalli sauran masu bugawa sai na raina su. Wannan ya sa wa Arsenal don yana ƙaunarta, wancan ya sa wa Barcelona don Messi. Na ce ni ba haka zan yi ba. Na sayi wani littafi dabam na fara rubuta wa ke ci a gida, wa ke faɗuwa a waje, wa ya ji rauni, wa aka ba jan kati, yaya suka ƙare a haɗuwarsu ta baya. Wani ƙarshen mako naira 200 ta zama sama da 70,000. A daren nan ban runtsa ba, kuma ba murnar kuɗin ce ta hana ni barci ba. Ji na yi an tabbatar mini da abin da nake zato tun ina yaro, cewa ina ganin abin da wasu ba sa gani.

Ba jahilci ba ne. Na san aya ta 90 a Suratul Ma'ida tun a Islamiyya, inda Allah ya haɗa giya da caca ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Abin da na gaya wa zuciyata shi ne ayar tana magana ne a kan 'yan kartar da ke ɓuya a bayan kasuwa suna dogaro da sa'a, ni kuwa nazari nake yi irin na ɗan kasuwar da ke hasashen farashin riɗi kafin kaka. Shekaru na yi ina sallah da wannan fatawar da na ba kaina.

Gidan caca na gaske a 2019 na fara shigarsa. Wani mahauci mai hannu da shuni da muke hulɗa da shi ya ga littafina, ya ce mai kai irin nawa bai kamata ya zauna jiran Asabar da Lahadi ba. Ya ɗauke ni a motarsa da dare muka haye gada zuwa tsibirin Victoria, wani babban otal mai ɗakin caca da suke kira kasino. Na sa shaddata mafi kyau. Sanyin na'ura tun daga ƙofa, kafet mai laushi, babu taga, babu agogo a bango. Ni da na saba kwana a saman tirela, sai ga ma'aikata suna rusuna mini suna kawo mini lemo kyauta. Wannan girmamawar ta shige ni fiye da kuɗin. Ana karɓar kuɗinka a ba ka wasu 'yan fayafayan roba masu launi, kowane launi da darajarsa. Da zarar kuɗi ya koma roba, nauyinsa ya bar hannunka. Abin da za ka yi awa guda kana ja-in-ja a kansa a kara, a nan da yatsa biyu za ka tura shi.

Akwai teburan karta, amma na rulet ne ya ja ni, saboda shi lambobi ne zalla. Faifai ne mai juyawa da ramuka 37: daga 1 zuwa 36, rabi ja rabi baƙi, sai sifili guda ɗaya kore. A jefa 'yar ƙwallo, ramin da ta zauna shi ya ci. In ka sa a lamba ɗaya ta fito, a ba ka ninki 35 a kan kuɗinka. In ka sa a ja ko baƙi ka dace, a ba ka kwatankwacin abin da ka sa. A gefen teburin akwai allo mai nuna lambobin da suka fito a baya, ni kuwa na zaro biro na hau kwafa, ba wanda ya hana ni. Ban tsaya na tambayi kaina ba, da allon nan yana da amfani ga mai wasa, masu gida za su kafa shi da kuɗinsu?

Ba a jima ba na faɗa kan abin da na ɗauka sirri ne da ni kaɗai Allah ya nuna wa. Ka sa 1,000 a ja. In ka faɗi ka sa 2,000, in ka sake faɗuwa ka sa 4,000, haka za ka yi ta ninkawa. Duk sanda ja ta fito, ka maido asararka gaba ɗaya da ribar 1,000 a kai. Sai daga baya na ji ashe tsohuwar dabara ce, 'yan cacar Faransa sun san ta tun ƙarni na 18, Martingale suke ce mata. Mugun abin shi ne tana ci. Ka shiga ka fito da 20,000, wata tafiyar 30,000, wata ma fiye. Duk sauke shanu sai na ƙirƙiro dalilin ƙara kwana a Legas. Na sayi babur na kai gida na ce ribar ɗan jarin da nake juyawa ce. Inna ta fito tsakar gida ta dafa shi, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ƙara buɗi na halal, ɗan nan." Na ce amin. Har yau in na tuna wannan amin ɗin sai ƙirjina ya yi nauyi.

Daren da ta ƙi kuwa, baƙi ya yi ta fitowa, har da sifili a tsakiya, ja ta ƙi leƙowa sau 8 a jere. Daga 1,000 na hau har 128,000, jimillar abin da ya tafi 255,000, cikin abin da bai kai rabin awa ba. In zan ci gaba sai na ajiye 256,000, duk don ribar 1,000. Ko da ina da su ma ba za a karɓa ba, domin kowane tebur yana da iyakar abin da ake yarda a sa, an rubuta a ɗan allo, na sha ganinsa ban damu ba. Fiye da rabin kuɗin nan na Alhaji ne, bashin da na karɓo daga mahauta da rana. A littafinsa na rubuta cewa ba su biya ba tukuna. Wannan shi ne karo na farko da na sa ƙarya a littafin. Kuma a hanyar dawowa gida, tun daga Ibadan har Kaduna, abin da na tsayar a raina shi ne dabarar ba ta da laifi, jarina ne ya yi kaɗan.

A lokacin na yi aure, har an haifa mana 'yar fari. Cikin watan Maris na 2020 korona ta tsayar da gasannin Turai, aka rufe wuraren taruwa. Na ɗauka hutu ya zo mini. Sai ga ƙwallon kwamfuta a cikin waya, wasan zane da ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake wani, dare da rana, ga kuma faifan rulet ɗin shi ma a ciki. Babu ɗan wasan da ya ji rauni, babu gida babu waje, babu abin da littafina zai nazarta, amma na duƙufa ina neman tsari a cikinsa. Daga nan ban ƙara bukatar zuwa tsibiri ba. Matata takan farka tsakar dare ta ga hasken waya a fuskata ta ce, "Maigida, lafiya dai?" In ce lissafin Alhaji nake yi. Awakinta na karɓa da sunan zan juya mata kuɗin. Keken ɗinkin da aka kawo ta da shi ma haka. Na ci bashi a manhajojin waya masu ba da rance da ruwa, in ci na wannan in biya na waccan. Na tura kuɗi ga wasu a intanet da ke cewa suna da wasannin da aka riga aka shirya sakamakonsu, ban taɓa tunanin mai irin wannan sirrin me zai yi da 5,000 tawa ba. Na rame, na zama mai saurin fushi, 'yata in ta ji sallamata sai ta laɓe bayan uwarta.

Fatana duka ya koma kan shinkafar 2022, cewa da rabona zan toshe ramin da ke littafin Alhaji, wanda ya kusa 400,000. A daminar nan kogin Haɗejia ya cika ya batse. Daga Ringim zuwa Taura, Miga, Auyo har Haɗejia, ruwa ya shanye gonaki ya rusa gidaje. Shinkafarmu tana gab da fitar da kai ta nutse, ko tiya ɗaya ba mu ɗauka ba. Alhaji kuma ya fara cewa kafin ƙarshen shekara zai sauka Legas da kansa ya zauna da mahautan nan masu taurin bashi.

Wata Litinin ya turo mini naira miliyan 2 da dubu 500 don sayen shanu ranar Alhamis a Maigatari. Washegari Talata, 22 ga Nuwamba, Ajantina za ta kara da Saudiyya a Kofin Duniya na Katar. Ajantina ta yi wasa 36 a jere ba a doke ta ba, ita ke riƙe da kofin nahiyarsu na 2021, ga Messi. Ribar da aka sa mata 'yar kaɗan ce, ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, saboda kowa ya san ita za ta ci. Na buga lissafi: in na zuba kuɗin duka, ribar za ta kusa cike ramin, ranar Alhamis in je kasuwa da kuɗin Alhaji cif, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na rarraba su a kamfanoni dabam-dabam. Na yi wa kaina alkawari cewa daga wannan na daina, kuma har zuciyata nake nufi.

Ƙarfe 11 na safe aka take wasa. Gidan kallon ƙauyenmu ya cika maƙil, har dattawan da ba ruwansu da ƙwallo sun zo saboda ƙasa mai tsarki ce ke bugawa. Minti 10 Messi ya ci fenareti. Kafin hutun rabin lokaci Ajantina ta ƙara zura uku aka soke saboda satar gida, ban damu ba, na ce wasu na tafe. Ana dawowa, a minti na 48 Saudiyya ta farke, a na 53 ta ƙara. Rumfar ta kaure da kabbara, yara suna tsalle a kan benci, wani dattijo ya rungume ni yana cewa, "Ɗana, ka ga ikon Allah!" Ni kuwa ina zaune, yawu ya ƙafe a bakina, kunnuwana suna ƙara. Na kalli sauran wasan har dogon ƙarin lokacin da aka yi, ina roƙon Allah a ɓoye ya ba Ajantina nasara, a cikin jama'ar da ke roƙonsa akasin haka. Aka tashi 2 da 1.

Ban nufi gida ba. Fadama na tafi, inda ruwa ya janye ya bar yashi da ruɓaɓɓen kara, na zauna a bakin kogi. Tunanin da ya zo mini a wurin ba na fatan ya zo wa maƙiyina, kuma duk wanda ya taɓa zuwa masa, don Allah ya tashi ya nemi mutum ya faɗa masa, kowane ne. Ni Yaya ne ya biyo sawuna bayan la'asar, don matata ta aika masa cewa ban ci abinci ba kuma wayata a kashe. Yana tsayawa a kaina na ce, "Yaya, na cinye kuɗin Alhaji a caca." Ya ce, "Nawa?" Na faɗa. Ya zauna a kan yashin yana maimaita innalillahi. Da ya nisa sai ya ce, "Tashi mu tafi, kada Inna ta ji a bakin wani."

A zauren dagaci aka zauna, da liman da kawunmu. Na kawo littafin na nuna wa Alhaji duk inda na yi ƙarya, layi bayan layi. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Da ka ce mini 'yan fashi sun tare ka, wallahi da na yarda, da kuma na yafe. Littafin nan ya fi kuɗin yi mini ciwo." Yana da ikon miƙa ni ga 'yan sanda, dagaci da liman suka roƙe shi, ya amince a biya shi. Abin da zai iya ɗaukar wannan bashin a gidanmu guda ɗaya ne, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ba a raba gadon ba: akwai tumunin Inna, akwai rabon Yaya, akwai na ƙannena mata biyu. Inna ce ta fara magana, ta ce a sayar, ba za ta ga ɗanta a gidan yari tana raye ba. Yaya ya sa hannu bai dube ni ba. Da yake bayan ambaliya ne, kowa a matse, da araha ta tafi. Kuɗin ya biya mafi yawan bashin, saura aka yanka mini biya duk kaka.

Ɗaya daga cikin ƙannena ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, kuma tana da gaskiya, haƙƙinta aka ɗauka aka biya abin da ba ta ci ba. Masu rancen waya suka bi lambobin da ke wayata suna aika saƙon cewa ni macuci ne, har surukina ya samu. Matata ta kwashi yara ta tafi gidansu, sai da kawu ya yi ta zaryar biko kafin ta dawo. Ranar 18 ga Disamba Ajantina ta doke Faransa a bugun fenareti ta ɗauki kofin. Hasashena a kan ƙarfinta daidai ne, ita ce ta fi kowa a gasar. Gonar kuma ta riga ta tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce wuya ta koya mini hankali. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na yi wa wani aikin ban-ruwa ya biya ni ta tiransifa saboda babu tsaba. Kafin gari ya waye na buɗe sabon asusun caca na zuba su, ina gaya wa kaina a hankali zan tara in fanso gonar. Bayan zauren dagaci, bayan hawayen Inna. Wannan ya tsorata ni fiye da asarar miliyoyin, domin a nan na gane ba ni ke riƙe da linzamin ba.

Tsohon malaminmu na lissafi na sakandare na nema, ya yi ritaya yana zaune a Ringim. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Wa'azi liman ya riga ya yi maka. Ɗauko biro." Ya ce in sa 1,000 a kan kowace lamba ta faifan, duka 37, nawa na kashe? Na ce 37,000. Dole ɗaya ta ci, nawa za a miƙo mini? 35,000 da 1,000 tawa, 36,000 ke nan. Ya ce, "To ina 1,000?" Ga mutum ya rufe kowane rami, babu ta inda sa'a za ta kuɓuce masa, kuma ya faɗi. Wato a duk naira 100 da ta hau teburin, kusan naira 2 da kobo 70 ta masu gida ce tun kafin a juya faifan.

Ya koma kan ninkawa. Damar ja 18 ce cikin 37 a kowane juyi, ko baƙi ya fito sau 20 kafin nan, faifan ba ya tuna abin da ya wuce. Ya sa na ninka 19 bisa 37, wato damar ja ta ƙi fitowa, sau 8 da hannuna, ya fito kusan sau 1 cikin 207. Ma'ana, a wajen zagaye 206 za ka ci 1,000 kowanne, ka tara 206,000, a guda ɗaya kuma ka zubar da 255,000. Ƙananan cin da na yi ta yi har na sayi babur, duk suna cikin lissafin, su ne ke zaunar da mutum har babbar ta iso. Sannan ƙwallo. In abu biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya sa wa kowanne ninki 1.90, wani ya sa 1,000 nan wani ya sa 1,000 can, an karɓi 2,000 an biya 1,900, ko wa ya ci kamfani ya ajiye 100. Doguwar tikiti kuwa, ɗauki wasa 10 da kowanne ke da damar 8 cikin 10, irin waɗanda muke kira tabbas. Damar su zo duka tare ba ta wuce kusan 1 cikin 10 ba. Wasa ɗayan da ke yanke tikiti kullum, wanda muke dafe kai muna cewa saura ƙiris, haka aka gina abin ya kasance.

Babu ɗaya daga cikin lissafin nan da ya fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare. Ni da ake yabo da kai, shekaru ina cika littafi da lambobi, ban taɓa yin wannan ɗin ba, saboda ba na son amsarsa. Wanda ke bugawa da ka, in ya faɗi 500 sai ya ce yau ba sa'a, wataƙila ya tashi. Mai dabara in ya faɗi gani yake kuskure ne da za a gyara, sai ya koma ya ƙara nazari ya ƙaro kuɗi, kuma in nasa sun ƙare yana da hujjar taɓa na amana, tunda a ganinsa aro ne na kwana biyu. Shi ya sa hankalina ya fi tashi in na ga yaro mai ƙoƙari da littafin hasashe a hannu.

Sanin lissafin bai kashe ƙaiƙayin ba. Malam ne ya matsa mini na je asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na tafi ina jin kunya kada wani ya gan ni. Likitan ya saurare ni bai ƙyamace ni ba. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma komawa bayan an daina abu ne da suke gani, ba alamar mutum ya lalace ba ce. Ya duba rashin barcina da faɗuwar gaban da nake fama da ita, muka tsara abin da zan yi. Na rabu da babbar waya na koma ƙarama mai maɓalli. Katin banki yana hannun Yaya. Duk abin da na samu matata ta san adadinsa kafin ya kwana. Gidan kallo na bar shi gaba ɗaya, duk da ina son ƙwallo, domin ba na iya ganin wasa ba tare da kaina ya fara buga ninki ba. Har yanzu yammacin Asabar, in na jiyo ihun rumfar daga nesa, jikina yakan tashi, sai in nemi inda mutane suke in zauna cikinsu har ya lafa.

A 2024 na ji Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, na yi murna, kuma ina goyon baya. Sai dai ni mafi yawan abin da na zubar a ɗakina na zubar da shi, matata tana barci a gefena. A ƙauyukanmu babu shagon da za a rufe, waya ce da data da mai POS a bakin kasuwa. Iyaye da yayye, in kuka ga yaro yana ramewa, yana cin bashin da ba a ga abin da ya saya ba, yana firgita in an taɓa wayarsa, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin lallami tun ramin bai yi zurfi ba. Ni na daɗe ina jiran wanda zai tsare ni da tambaya, ina kuma tsoron ranar.

Yanzu ƙodago nake yi a gonakin mutane da rani, da damina kuma ina tare da Yaya a ta tudu. Zamanmu lafiya, amma ba mu koma hirar dare irin ta da ba. Ƙanwata ta fara turo 'ya'yanta gidana, na kuma rubuta rabon kowaccensu a matsayin bashi a kaina, a gaban liman. Na mayar wa matata keken ɗinki, awakin tukuna. In riɗin bana ya yi kyau, bashin Alhaji zai ƙare a wannan kakar, in sha Allahu. Gonar fadama kuwa na aika kawu ya taɓa wa wanda ya saya zancen, ya ce ba shi da niyyar sayarwa, kuma ban ga laifinsa ba.